Keke a cikin jirgin sama: abin da ya same mu a hanya

Baban Hanifa

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, a watan Yuni in Allah Ya kai mu ina so in bi hanyar keke ta bakin kogin Danube, daga Passau a Jamus zuwa Vienna a Austria, wajen kilomita 320. Da kekena nake son tafiya, amma ban taɓa saka keke a jirgin sama ba. Waɗanda suka taɓa yi su taimaka su faɗi abin da ya same su, mai daɗi da marar daɗi. Gani ya kori ji.

Injiniya

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Ni har yau in na tuna nawa sai raina ya ɓaci. Na ɗaure keken a kwali irin wanda sababbin kekuna ke zuwa a ciki: na cire feda, na kwance wilin gaba, na juya kan keken ya kwanta a jikin firam, na naɗe ko'ina da soso. Da muka sauka, sai da kowa ya ɗauki jakarsa ya watse sannan wani ma'aikaci ya turo kwalin ta wata ƙofa can gefe, inda ake fito da manyan kaya. Tun daga nesa na san ba lafiya. Gefe guda ya lotsa, alamar an kwantar da shi an jibga masa akwatuna. Sandar wilin baya ta huda kwalin ta leƙo waje, bakinta duk ya goge saboda jan da aka yi masa a ƙasa.

A nan take na yage salatif na buɗe. Ɗan ƙarfen nan da na'urar canja giya ke rataye a jikinsa ya lanƙwashe ciki, har na'urar tana taɓa wayoyin wili, faifan birki kuma ya karkace. Na ɗauki hotuna, har da takardar da suka manna a kwalin, na ja shi zuwa teburin ƙorafin kaya tun kafin in wuce kwastam. Wanda na tarar ya ce kwali ba akwati ba ne, ba su da alhaki. Na ce na ji, amma a cika mini fom ɗin PIR, wato takardar rahoton lalacewa ko ɓatan kaya, a ba ni lamba. Da ƙyar ya cika, kuma wannan takardar ce ta sa daga baya aka biya ni kuɗin gyara.

Ka riƙe wannan: a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta tsara haƙƙin fasinjan jirgin sama tsakanin ƙasashe, kwana 7 kake da su daga ranar karɓar kaya ka shigar da ƙorafin lalacewa a rubuce, in jinkiri ne kuma kwana 21. Diyyar ma tana da iyaka, daga ƙarshen 2024 ta koma SDR 1,519 (SDR ma'aunin kuɗi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya) ga kowane fasinja, wanda bai kai kuɗin keke mai tsada ba. In naka na kirki ne, nemi inshora daban. Sannan ka kwance na'urar giyar gaba ɗaya ka naɗe ta a tsumma, ka cire faifan birki, ka tafi da wani ɗan ƙarfen na ajiya, don kusan kowane samfurin keke da irin nasa.

Malam Mai Nisa

Ni nawa bai karye ba, ƙin zuwa ya yi. A watan Agustan 2023 ne, na je Paris-Brest-Paris, doguwar tafiyar keke a Faransa wadda ake yi duk shekara huɗu, kilomita 1,200 cikin awa 90. Na yi canjin jirgi a hanya, tsakanin jiragen biyu babu wani lokaci mai yawa. Jakata ta iso, keke shiru. Manyan kaya ba sa bin bel kamar akwatuna, da hannu ake ɗaukarsu daga wannan jirgi zuwa wancan, shi ya sa su ne ake fara bari in lokaci ya ƙure.

Abin da ya taimake ni shi ne 'yar na'urar bin sawu da na ɓoye a ƙarƙashin sirdi. Su suna cewa ba su san inda yake ba, ni kuwa ina ganinsa a wayata yana zaune a filin jirgin da muka yi canji. Na nuna musu, suka aika saƙo can. Ya iso ana gobe za a duba kekuna, ina haɗa shi hannuna na rawa. In da hali ka hau jirgin da zai kai ka kai tsaye, in babu ka bar awanni masu yawa tsakani. Takalmin keke da hular kwano da sirdi kuma su zauna a jakar hannunka, ko haya za ka yi ka samu abin da jikinka ya saba da shi.

Maman Sadik

Yaya Baban Hanifa, ka duba tikitinka da kyau ka ga wane kamfani ne zai ɗauke ka a zahiri. Ni wajen kamfani ɗaya na saya, na kira su suka tabbatar an yi wa kekena rajista. Ranar dawowa sai ga shi jirgin wani kamfanin ne da suke haɗin gwiwa, matar da ke kanta ta ce babu maganar keke a kwamfutarta, kuma jirgin ƙarami ne mai farfela, ba ta da tabbacin akwatin zai shiga ƙofar kaya. Ina tsaye, layi ya taru a bayana, yarona yana kuka. Sai da aka kira shugabarsu, na nuna mata imel ɗin da na buga a takarda, sannan suka karɓa, kuma duk da haka sai da na sake biya. Ka sa su rubuto maka, kada ka tsaya a maganar waya.

Abba

Ni a kanta aka tilasta mini in sace iskar tayoyin gaba ɗaya, wai za su fashe a sama. Tayoyina marasa tub ne, ruwan liƙin da ke ciki ya tsiyaye ya ɓata komai a akwatin.

Injiniya

Abba ƙanena, ba za su fashe ba. Wurin kaya ma ana daidaita iskarsa kamar inda fasinja ke zaune, kuma ko da babu iska sam a waje, abin da zai ƙaru a taya bai wuce PSI 15 a ma'aunin iskar taya ba. Amma dokar wasu kamfanonin ce, gardama ba za ta fisshe ka ba. Rage iskar tun a gida, ka bar kaɗan yadda tayar ba za ta saki bakin wili ba.

Hajiya Mai Tsauni

Ni a New Zealand aka tsare ni, saboda ƙasa. Jami'in ya sa na buɗe akwatin, ya haska tocila a tsakanin haƙoran tayar, ya leƙa ƙarƙashin sirdi da bayan feda, ya sa yatsa ya ƙwaƙulo busasshiyar laka da ba ta kai ƙwayar gero ba. Suka tafi da wilin suka wanke, na rasa motar da zan hau. Da yake na rubuta a katin shigowa cewa ina ɗauke da kayan wasanni, ba a ci ni tara ba. A lokacin, wanda bai bayyana ba dalar ƙasar 400 yake biya. Ostireliya ma suna da irin wannan tsauri. Ban ga laifinsu ba, tsirrai da dabbobin ƙasarsu suke karewa.

Abba

Na manta ban faɗa ba: in kekenka mai batir ne, manta da maganar. Batirin da ya wuce Wh 160 (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) ba ya shiga jirgin fasinja, na kekuna kuwa yawanci sun ninka haka. Ƙananan gwangwanayen gas na hura taya ma na ga an ƙwace wa wani a gabana.

Baban Hanifa

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Nawa ba mai batir ba ne. Saura abu ɗaya: tunda a wani gari zan sauka, a wani kuma zan taso, yaya zan yi da akwatin?

Malam Mai Nisa

To kwali ya kama ka, Baban Hanifa, don akwati mai tauri ba ya goyuwa a keke. Ka yar da kwalin inda ka sauka, ka rubuta wa wani shagon kekuna a Vienna tun kafin ka tashi su ajiye maka wani, ka faɗa musu girman kekenka. Ka ware yini guda a ƙarshe don ɗauri, ka riƙe salatif mai faɗi da alanki. Wajen cire feda ka tuna ta hagu zarenta a juye yake, kuma ka sassauta su tun a gida ka shafa musu giris, don in suka ƙame ƙaramin alanki ba zai kwance su ba. Ka auna kwalin kafin ka tafi filin jirgi: yawancin kamfanoni kilo 23 suke yarda da shi, in kuma ya haura 32 ko da kuɗinka ba za su karɓa ba.