Muna aiki daga nesa, amma kowa baƙon kowa ne: ku ba ni gogewarku

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mutum tara nake jagoranta, kowa a gidansa yake aiki, wasu ma ba ƙasa ɗaya muke ba. Aiki kam yana tafiya. Amma da an gama taron Zoom sai kowa ya kama gabansa, ko "ya gida" babu. Makon jiya na ji cewa ɗaya daga cikinmu ya yi wata guda yana jinyar mahaifinsa, ba wanda ya sani, har ni. Abin ya tsaya mini a rai. Waɗanda suka zauna a irin wannan hali, me shugabanninku suka yi da ya yi amfani, me kuma ya ci tura?

Mai rubuta manhaja: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da wanda ya ci tura. A 2020, da korona ta kulle mu a gida, manajanmu ya ɓullo da "awar nishaɗi" duk Alhamis bayan an tashi. Kacici-kacici, kuma dole kowa ya kunna kyamara. Makon farko an sha dariya. Kafin wata biyu, ni kaina ƙaryar katsewar intanet nake yi, don lokacin iyalina ake ci. Abokin da na samu a wurin ba a wasan na same shi ba. Haɗa mu aka yi mu gyara wata matsala a manhaja, muka yi kwana biyu a kan layi ɗaya, muna jiran gwaji ya gama sai hira ta ɓarke. Na bar kamfanin, amma har yau muna waya.

Wata akanta: Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Tamu shugabar ba ta shirya wasa ko ɗaya ba. Minti biyar na farkon taro take bari a sake, kuma ita take fara magana: yau ɗanta ne ya hana ta barci, gobe ta ba mu labarin kuskuren da ta tafka a rahoto. Da babba ya saki jiki, sai na ƙasa su samu bakin magana. Wanda ya yi shiru kuwa ba ta taɓa kiran sunansa.

Jami'ar kula da ma'aikata: Ku lura da wani abu, ba 'yan tawaga ɗaya ne suka fi rabuwa ba. Binciken da aka yi kan ma'aikatan Microsoft sama da 61,000 a Amurka, wanda ya fito a 2021, ya nuna da aka koma gida kowa ya ƙara manne wa 'yan sashensa, alaƙa da sauran sassa ta yi rauni. Irin mutanen da da za ka yi kiciɓis da su a bakin ƙofa, su ne suke ɓacewa. Mu sai muka sa wata 'yar manhaja mai suna Donut a Slack, dandalin da muke tura wa juna saƙon aiki, tana haɗa mutum biyu duk mako biyu su yi 'yar hira. Da farko ba wanda ya kula, sai da aka ce hirar cikin lokacin aiki take, ba za a tambayi kowa bahasinta ba.

Wani dattijo: Ku yi haƙuri, ni aiki na zo yi. Abokaina suna nan tun kafin a haifi wasunku. Shugaba ya biya ni haƙƙina, ya amsa saƙona a kan lokaci, ya wadatar.

Jami'ar kula da ma'aikata: Baba, ba a musu da ku, kuma bai kamata a matsa wa irinku ba. Sai dai cikin tambayoyi 12 da kamfanin bincike na Gallup ke auna shaƙuwar ma'aikaci da aikinsa, akwai ta ko yana da amini a wurin aiki. Sabon yaron da ya fara daga ɗakinsa, bai san wanda zai tambaya abin da yake jin kunyar tambayar oga ba, shi nake tausayi.

Mai zanen shafuka: Ni ce sabuwar yarinyar a bara. Wata Yaya aka haɗa ni da ita, ba shugabata ba ce, ta ce in tambaye ta komai. Ita ta riƙe ni. Abu ɗaya da ya ƙona mini rai: kullum taron hira ƙarfe goman darena yake faɗowa saboda bambancin lokaci, har sai da na yi magana aka fara juya shi.

Sannan zumunta a ƙafa take. Kamfanin Automattic, masu dandalin buɗe shafukan intanet na WordPress.com, da ma'aikatansu ke warwatse a duniya, su ma sukan tara su ido da ido. Mu sau ɗaya muka haɗu, kwana uku, kuma tun daga nan in na karanta saƙon mutum muryarsa nake ji.

Mai buɗe zance: Na gode ƙwarai. Kacici-kacicin da na shirya wa Alhamis na soke shi. Wanda ya yi jinyar nan zan fara kira gobe. Ƙanwata mai zane, Yayar nan da aka haɗa ku, ita ta nemi aikin ko ɗora mata aka yi?