Manhajata na rikita iyakokin shimfiɗun koniya a hoton OCT, ina neman taimako

Assalamu alaikum. Mako uku ke nan ina fama da wata manhaja da na rubuta da Python don auna kaurin shimfiɗun koniya, wato farfajiyar gaban ido mai kamar gilashi, daga hotunan OCT, wato na'urar da ke ɗaukar hoton shimfiɗun ido da haske.

Saman efiteliyom (shimfiɗar koniya ta can waje) da bayan koniya suna fita tsaf, jimillar kaurin tsakiya tana ba ni wajen maikuron 540 a lafiyayyen ido (maikuron dubu ne milimita ɗaya). Inda gizo ke saƙar shi ne shimfiɗar Bowman, wadda ke ƙarƙashin efiteliyom. Kaurinta bai wuce maikuron goma da 'yan kai ba, fiksel uku ko huɗu ke nan a hotunana. Ga kuma farin hasken nan da ke tsaye kamar sanda a tsakiyar hoton, ya shafe komai. Da layin Dijkstra, wato layin da manhajar ke lissafawa don bin iyakar shimfiɗa, ya iso wurin sai ya zame cikin sitiroma (shimfiɗa mai kauri da ke ƙarƙashin Bowman), efiteliyom ɗin da ya kamata ya zama kusan 50 ya koma 70.

Na tace hoton don rage ɗige-ɗige, sai Bowman ta ɓace gaba ɗaya. A idon mai keratokonus kuwa, cutar da ke sa koniya ta sirance ta yi tsini, abin ba a magana.

Shin in miƙar da lanƙwasar hoton kafin neman iyakokin, ko in toshe wurin hasken in cike da ƙiyasi? Don Allah wanda ya taɓa yi ya agaza.