Share manhajojin da ke buɗe yana sa caji ya daɗe kuwa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Atamfa da leshi nake sayarwa ta WhatsApp, wayar nan ita ce shagona, kuma shekararta uku a hannuna. Kwanan nan in na cika ta da asuba, kafin la'asar ta koma ja, ga unguwarmu wuta sai an ga dama. Na saba duk na gama da wata manhaja sai in danna ɗan akwatin nan na ƙasa in share komai, a wuni na kan yi ya fi sau talatin. Jiya ƙanina ya ce wahalar banza nake yi, wai ma ƙara cinye cajin nake. Gaskiya ne? Ba na so mai saye ta turo saƙo ta tarar da wayata a mace.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Ni dai ina sharewa. Abu a kunne ai dole ya ja wuta, kamar ƙwan fitila.

Mai Gyaran Waya: Hajiya, ƙaninki yana da gaskiya. Abban Sadik, a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Da zarar an fita daga manhaja, wayar kan tsayar da ita cak, ta ajiye ta a ma'ajiyar da ake kira RAM, kamar ɗinkin da tela ya bari a kan keke ya tafi salla. Keken ba ya juyawa, in ya dawo sai ya ɗora daga inda ya tsaya. To in kin share ta, buɗewa ta gaba sai wayar ta tayar da komai daga tushe, ta nemi intanet, ta sake jero hira da hotuna. Wannan tashin shi ke cin caji, ke kuma sau talatin kike sa ta yi.

Su kansu masu ƙera wayoyin haka suka ce. A 2016 wani ya rubuta wa shugaban Apple, Tim Cook, yana tambaya ko rufe manhajoji na taimaka wa batir. Craig Federighi, mai kula da manhajojin kamfanin, shi ya amsa, ya ce a'a. Android kuwa tun fitowa ta 6 a 2015 take da tsarin Doze, wanda ke sa manhajoji barci idan an ajiye waya.

Ummu Hafsa: Maman Ilham, ki kula da wannan tunda sana'a kike yi. A wasu wayoyin, in kika share WhatsApp daga jeren manhajojin da ke buɗe, saƙo kan makara sai kin buɗe da kanki. Ya taɓa faruwa da ni, wata ta nemi turaren wuta da hantsi ban gani ba sai bayan magariba, ta riga ta saya a wani wuri.

Maman Ilham: Ikon Allah. To Malam, me ke shanye min cajin?

Mai Gyaran Waya: Na farko hasken fuskar waya, shi ne babban mai ci. Sai raunin sabis: in kina cikin ɗakin da sanda ɗaya ke nunawa, wayar kan ƙara ƙarfi tana neman turken sadarwa, har ki ji bayanta ya ɗau ɗumi. Sai bidiyon da ke kunna kansa.

Amma ni na fi zargin tsufan batir. Apple ta ce batirin iPhone 14 da na kafinta an yi su ne su riƙe kashi 80 na ƙarfinsu bayan caji cikakke sau 500, sauran wayoyi ma irin wannan batirin na litiyam suke ɗauke da shi. Shekara uku ana caji kullum ya haura dubu. Ga zafi: Apple ta ce kada a wuce digiri 35, mu kuwa a Kano watan Afrilu sai ya haura 40. Kada ki sa ta caji a ƙarƙashin matashi ko a bakin taga rana na dukanta. In kuma kika ga bayanta ya kumbura, ki daina caji nan take, ki kai a canza batirin.

Ki shiga saitin, ki nemi wajen batir, zai jera miki abin da ya fi ci.

Abban Sadik: Ke nan kwata-kwata ba a rufewa?

Mai Gyaran Waya: Ana rufewa, Yallaɓai, amma wadda take aiki da gaske. Taswirar da ke nuna maka hanya, in ka isa ka tsayar da ita. Haka wadda ta maƙale, ko wadda ka gani a jeren batir ta ci da yawa alhali ba ka taɓa ta ba. Irin wannan ka taƙaita mata aikin bayan fage daga saitin.

Maman Ilham: Na duba yanzu. Fuskar wayar ce a sama, ashe tun ranar da na ɗauki hoton atamfofi a tsakar gida na ƙure hasken ban mayar ba. Na rage shi. Bayanta bai kumbura ba, alhamdu lillahi. Zan bar sharewar kwana uku in gani, in ba ta canza ba ranar Asabar ƙanina ya raka ni a duba batirin. Allah ya saka muku da alheri.