Allurar dafin zuma ga yara: makari, rigakafi ko horon jini?

'Yan uwa, ku taya ni. Akwai yaron da in zuma ko rina ta harbe shi, abin ba ya tsayawa a kumburin wurin: leɓe ya haye, murya ta shaƙe, numfashi da ƙyar, wani har ya suma. Maganin da ake yi wa irin wannan yaron, wanda likitoci ke kira imunoterafi, nake nema wa sunan Hausa.

Dafin ƙwaron ne da kansa ake tacewa a yi wa yaro allurarsa a ƙarƙashin fata. A fara da ɗan mitsitsi, a yi ta ƙarawa har maikirogiram 100, kusan dafin harbin zuma biyu. Daga nan sai wata-wata, shekara 3 zuwa 5, kuma duk ranar allura sai an zauna minti 30 ana sa masa ido. Tun 1978 gwajin da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ya nuna dafin ne ke aiki, ba niƙaƙƙen jikin ƙwaron da ake amfani da shi a da ba.

Wani malaminmu ya ce "makarin dafi". Allah gafarta Malam, makari bayan harbi ake nemansa, allurar adirenalin, wadda ake yi cikin gaggawa bayan harbi, ita ce ta fi kama da shi. Uwar da ta ji makari za ta jira sai an harbi ɗanta, wannan kuwa shi nake tsoro.

"Rigakafi" ya matso kusa, sai dai kunne ya saba jin sa a kan ƙwayar cuta, a yi sau ɗaya ko uku a gama. Nan kuma garkuwar jikin yaron ba rauni gare ta ba, zafin kai ne ya yi mata yawa.

"Allurar sabawa da dafi" ta kwanta mini a rai. Amma a rubuta ta a waya babu ƙugiya, wani zai karanta saɓawa.

Ni dai na tsaya a kan allurar horon jini. Mun riga mun san borin jini. Jinin da ke bori kuwa horo yake so. Wata 'yar uwa ta ce horo hukunci ne. Gaskiyarki, amma da horo ake saba wa doki da linzami, a hankali, yau da gobe.

A kula: yaron da borinsa ya tsaya a fata kaɗai, galibi ba ya buƙatar wannan allura. Ta mai shaƙewa ce da mai suma.

Ma'aikatan jinya, in kun faɗa wa uwa "horon jini", me za ta fahimta?