Bes yana ɓacewa in na zauna tsakiyar ɗaki, ko sifikun ne suka yi ƙanana?

Sabon shiga:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawara. Na ware ɗaki guda don sauraren kiɗa kawai, mita 4 tsawo mita 4 faɗi, ƙasa tayil. Sifiku biyu na jingina su da bango, kowanne a lungu, kujera kuma a tsakiyar ɗaki. Abin da ke damuna in na zauna bes ɗin, wato sautin nan mai kauri, kamar babu shi, amma ina tashi na je jikin bango sai ya yi ta ruri har taga na karkarwa. Na fara tunanin sayen manyan sifiku, shin hakan zai gyara?

Tsohon hannu:
Wa'alaikumus salam. Malam kar ka sayi komai tukuna, sifikunka ba su da laifi, ɗakin ne. Sauti na gudun kusan mita 343 a sakan, in ya bugi bango ya dawo sai ya haɗu da mai zuwa, wani wurin su ƙarfafa juna wani wurin su kashe juna. Lissafin ba wuya, ka raba 343 da ninkin tsawon ɗakin, wato 8, zai ba ka kusan 43 Hz, wato sautin bes mai kaɗawa sau 43 a sakan. Wannan sautin a jikin bango yake taruwa, a tsakiyar ɗaki kuma mutuwa yake, kai kuma daidai nan ka dasa kujera. Ga shi tsawo da faɗi ɗaya ne, matsalar ta zo maka ta ɓangare biyu kenan, shi ya sa ba a son ɗaki mai tsawo da faɗi daidai. Ka kawo manyan sifiku rurin jikin bango ne zai ƙaru, tsakiyar na nan yadda take.

Mai son tsaftar sauti:
Gaskiya ya faɗa. Fara fito da su daga lungu, lungu ne ya fi ko'ina kumbura bes, musamman in ramin iskarsu ta baya yake. Ka bar kamar santimita 50 tsakaninsu da bangon gaba, wato wanda ke bayansu, mita 1 daga bangon gefe, tazarar kar ta zo ɗaya. Tsakanin sifikun biyu zai zama mita 2, to kai ma ka zama mita 2 daga kowanne, ka ɗan karkato su suna kallonka, ƙaramar sifikar sama ta zo daidai kunnenka in kana zaune. Kujera ka ja ta baya, kamar mita 1 da rabi daga bangon baya, amma kar ka manne da shi.

Sabon shiga:
Na gode sosai. Wani ya ce in manna kwalin ƙwai ko soso a bango, yana aiki?

Tsohon hannu:
Kwalin ƙwai ka manta da shi. Siririn soso kuma sautin sama, wato siririn sauti, kawai yake sha, bes wucewa yake abinsa, sai ɗakin ya dushe rurin na nan. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da sifikun, taga ka sa labule mai nauyi. Sannan ka zauna a kujerarka wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe, duk inda ka hango sifika a madubin nan sauti ke fara dawo maka, nan za ka sa abu mai kauri, hagu da dama.

Sabon shiga:
Na matsa da su jiya da dare, wallahi muryar mawaƙi yanzu tsakiya take fitowa kamar yana gabana, bes ma ya dawo. Lungunan ne har yanzu ke ɗan ruri, yau zan gwada madubin.