Katin zaɓena na Funtuwa ne, shagona yana Agege: in dawo da shi Legas?

Ɗan Funtuwa: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Na daɗe a Agege ina sayar da hatsi, iyalina duk suna nan, amma katin zaɓena na Funtuwa ne. Zaɓen ƙananan hukumomi na 12 ga Yulin 2025 daga ƙofar shago na kalle shi. Kwatar layinmu kuwa duk damina sai ta shigo har ƙarƙashin buhuna, kuma gyaranta aikin ciyaman da kansila ne. In na dawo da katin nan, na rasa zaɓen gwamna a gida. Wanda ya taɓa dawo da nasa, ya ga amfani?

Mai Albasa Mile 12: Wa'alaikumussalam. Alhaji ka je ka yi rajista kawai, zama ba kati asara ne.

Ɗan Funtuwa: Malam ina da kati, canja wuri nake tambaya.

Tsohon ɗan acaba: Ni na dawo da nawa, ka ji yadda ta ƙare. A zaɓen 2021 ɗan takarar kansila ya zo majalisarmu da tafinta, ya ce mu 'yan gida ne. Muka fita muka zaɓe shi. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka hana acaba a su Ikeja, Surulere da Apapa, a Satumba aka ƙara da Mushin inda nake nema. Mashin ɗin da ban gama biyan kuɗinsa ba aka ɗora a mota ina tsaye, hular kwano kaɗai aka bar mini a hannu. Na yi ta sintiri gidan kansilan, yaronsa yana ce mini ba ya nan, ga motarsa a fake. Yanzu baro nake turawa, mai mashin kuma har gobe yana bina bashi. Allah ya isa.

Malamin makaranta: Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa. Amma hana acaba gwamnatin jiha ce, ba kansila ba. Alhaji, INEC ce ke canja wuri kuma kyauta ne, LASIEC kuma, hukumar zaɓe ta jihar Legas, ita ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, kujerar ciyaman ta wuce a yi wasa da ita.

Mai Shayi Obalende: Kyauta a ina? Naira 3,000 na biya.

Mai Albasa Mile 12: An cuce ka, ni 1,000.

Malamin makaranta: Wannan kuɗin mai shagon kwamfuta ne.

Tsohon ɗan acaba: Malam, kujerun ciyaman 57 duk APC ta kwashe a zaɓen 2025. Ƙuri'ar Alhaji me za ta canja?

Hajiya Idi-Araba: Ɗana, wanda ba shi da kati a unguwa ko sallamarsa ba sa amsawa. Mu da muka haɗa kai muka je da Sarkin Hausawa an kwashe mana bola. Amma Malam, ba daga Kaduna kake rubutu ba? Ka bar mu da ke taka ruwan mu yi magana.

Malamin makaranta: Hajiya a Agege aka haife ni, aiki ya kai ni Kaduna.

Mai Shayi Obalende: Alhaji ka duba inda mudun shinkafar ya fi girma, can za ka bar katin 😂

Hajiya Idi-Araba: Ba abin dariya ba ne. Ni tikiti ne ya ishe ni. Tebur ɗaya na kayan miya, kullum mutum uku su zo da rasit kala uku, 700 take tafiya kafin in yi ciniki.

Mai Albasa Mile 12: Hajiya ke kina hutawa. Motar albasa kafin a sauke ta, 'yan agbero masu karɓar kuɗi a tasha kaɗai sai sun tatse ka, wani ko rasit babu.

Ɗan Funtuwa: To jama'a, katin fa?

Mai Shayi Obalende: Hajiya rasit ɗin naku akwai tambarin ƙaramar hukuma? Namu babu, ki turo hotonsa mu gwada.