Saki ɗaya ya ba ni, ga ciki, yanzu kuma wai zai karɓe ɗana

Assalamu alaikum. Uwar zaure don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 9 da aure, muna zaune Mabera, ɗiyanmu biyu, namiji mai shekara 7 da mace mai shekara 4. Sati uku da sunka wuce muka yi rigima kan kuɗin cefane. Ya shiga ɗaki ya yago takarda daga littafin makarantar yaron, ya rubuta "na sake ki saki ɗaya", ya aza bisa firij ya fice. Zuciya ta ɗebe ni, na tura kayana cikin buhun bakko na kwashi yara muka taho gidanmu Gidan Igwai. Tun ranar ko ƙwayar shinkafa bai aiko ba. Jiya sai ga ƙanensa, wai in haɗa kayan yaron, tunda ya cika bakwai uba ke da shi. Abin da ban faɗa wa kowa ba sai Inna: na yi gwaji, ina da ciki wata biyu. Yaushe iddata za ta ƙare? Wa ke da alhakin cimakarmu? Kuma da gaske zai iya raba ni da yaron?

Wata Hajiya daga Runjin Sambo: Ɗiyata, Allah shi sanyaya. Amma kin yi garaje. Mu lokacinmu in anka yi saki guda mace ba ta barin ɗakinta, nan take idda, ta yi kwalliya, ta dafa abin da shike so. Sau da yawa kafin wata shi ƙare magana ta mutu.

Wani malami a Rijiyar Dorowa: Wa'alaikumus salam. Maganar Hajiya ba al'ada ce kawai ba, ayar farko ta Suratud Ɗalaƙ ce: kada a fitar da su daga gidajensu, su ma kada su fita. Saki ɗaya saki ne na kome, kina nan a matsayin matarsa har idda ta cika. Da ba ki da ciki, tsarki uku za ki ƙirga, don haka Malikiyya ta fassara ayar Baƙara ta 228. Amma tunda akwai juna biyu, iddarki sai ranar da kika haihu, aya ta 4 ta Ɗalaƙ ta yanke wannan. A duk tsawon watannin nan ci da sha da sutura da wurin kwana suna wuyansa. Sannan ki sani yana da ikon mayar da ke ba tare da sabon sadaki ko sabon ɗaurin aure ba, matuƙar ba ki sauka ba. Kuma maganar cikin nan, ki sa waliyyinki ya sanar da shi yau ba gobe ba. Ayar 228 ɗin nan ita ce ta hana mace ɓoye abin da ke mahaifarta, kuma in kika yi shiru har ciki ya fito, kin buɗe wa masu baki ƙofa.

Wani ɗan'uwa daga Arkilla: Malam ban ƙi taka ba, amma yaro in ya kai bakwai ai na uba ne. Haka muka taso muka gani.

Malamin ya sake cewa: Malam, abin da muka taso muka gani daban, abin da alƙali zai duba daban. Akwai mazhabobin da suka yi maganar shekara bakwai, amma kotunan shari'a na Sakkwato da fiƙihun Imamu Malik suke aiki. A Malikiyya renon ɗa namiji na hannun uwa har ya balaga, ɗiya mace kuwa har a yi mata aure ta tare. Uba yana da haƙƙin ganinsu da kula da tarbiyyarsu da karatunsu, kuma shi ne zai ciyar da su ko suna ina. Abin da ke kayar da haƙƙin uwa shi ne ta auri wani wanda ba muharramin yaran ba kuma ta tare, ko a tabbatar ba ta iya riƙonsu. Ko a nan ma ba kai tsaye wurin uba ake miƙa su ba, kakarsu ta wajen uwa ce a gaba.

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada: Yaya, ni na bi hanyar nan, bari in faɗa miki yadda take. Da farko mun zauna da manya, bai zo ba. Muka je Hisba, ya zo ya yi alkawari da baki, wata biyu shiru. Sannan na kai ƙara kotun shari'a. Ban ɗauki lauya ba, ni da Baffana muka je, aka rubuta ƙara aka aika masa sammaci. Alƙali ya tambaye shi sana'arsa da abin da yake samu, ya tambaye ni abin da yara ke ci da kuɗin makaranta, sannan ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata. Kada ki sa rai da kuɗi mai yawa, gwargwadon ƙarfinsa ake yankawa, kuma nawa sai da na sake komawa da ya fara noƙewa. Abin da ya cece ni takardu ne. Takardar sakin nan ta littafin makaranta kada ki raina ta, ki ɗauke ta hoto da waya, ki yi mata kwafi, ki ba Inna ainihin ta ɓoye. Katin awo, rasiɗin makaranta, saƙonninsa na WhatsApp, duk ki adana. In hukunci bai yi miki ba ana ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha.

Wata daga Kofar Atiku: Ni dai abin da ke ba ni haushi a zauren nan, duk wadda ta kawo kuka sai a fara da laifinta. Ta fita, to ta fita. Shi da ya bar ɗiyansa sati uku ba ko sisi fa? Cimakar yara ba ta da alaƙa da fushinsa da uwarsu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Baffa ya ce gobe bayan La'asar zai tafi wurin mahaifin mijin nawa da maganar cikin, kuma yaro ba inda za shi. Malam saura abu guda: in ya ce ya mayar da ni, ni kuma raina ya fita, ya zan yi?

Malamin: In ya mayar da ke cikin idda, kome ya yi ko ba ki so. Daga nan hanya biyu gare ki: ko hul'i, ki fanshi kanki da abin da kuka daidaita, galibi sadakin da ya bayar, ko kuma in akwai cutarwa kamar duka ko ƙin ciyarwa, ki kai wa alƙali da shaidu ya raba auren ba ki biya komai ba. Amma ki bari Baffa ya dawo mu ji da me ya zo.